Ɗaukewar Al'ada Da Ciwon Damuwa: Kafin Mu Ce Uwargida Ta Zama Masifaffiya

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisun maza, da gidajen biki, har ma da ofisoshinmu, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Za ka ji an ce, "Wance fa tun da ta fara manyanta ta zama masifaffiya," ko kuma, "Hajiya yanzu ba a iya mata, abu kaɗan faɗa, abu kaɗan kuka." Idan ka bincika shekarun wadda ake magana a kanta, galibi za ka tarar tana tsakanin 45 da 55. Idan ka ƙara tambaya, za a shaida maka cewa a da mace ce mai haƙuri da fara'a, wadda ta riƙe gida shekara 20 ko 30 ba a taɓa jin kanta da kowa ba. To me ya faru? Amsoshin da muka saba bayarwa uku ne: kishi, ko rikicin tsufa, ko kuma shafar aljanu da sammu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai a yau shi ne amsa ta huɗu da ba mu cika kawowa ba, alhali kuwa tana da hujjoji a hannun likitoci: sauyin da jikin mace ke shiga a shekarun ɗaukewar jinin al'ada, da ciwon damuwar da kan zo tare da shi ga wasu matan.

Bari mu fara da sanin abin da ake nufi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa al'adar mace ta ɗauke ne idan ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba don ciki ko wata cuta ko magani ba. Mafi yawan matan duniya kan kai wannan gaɓa tsakanin shekara 45 da 55, kuma binciken da aka yi a sassan Najeriya ya nuna matsakaicin shekarun a nan yana wajen 48. Sai dai abin ba ya aukuwa dare ɗaya. Kafin jinin ya tsaya gaba ɗaya, akwai wani zango da kan ɗauki shekara huɗu, wani lokaci har ya haura haka sosai, wanda a cikinsa al'ada ke rikicewa: ta zo da wuri, ta yi jinkiri, ta tsallake wata biyu ko uku, ta dawo da yawa. A wannan zango ne yawancin matsalar da muke magana a kanta ke tasowa, wato tun matar tana ganin jini, tun ba wanda ya kawo a ransa cewa abin da ke damunta yana da alaƙa da al'ada.

Dalilin yana cikin wani sinadari da jakar ƙwan mace ke samarwa, wanda likitoci ke kira istirojin. Da yawanmu mun ɗauka aikinsa bai wuce haila da haihuwa ba. Gaskiyar ita ce yana aiki a ƙashi, da fata, da jijiyoyin jini, da kuma ƙwaƙwalwa, inda yake da hannu wajen daidaita sinadarai irin su sirotonin, masu tasiri a kan walwalar zuciya da barci, yana kuma taɓa ɓangaren da ke kula da zafin jiki. A shekarun da muke magana, wannan sinadari ba ya raguwa a hankali cikin tsari. Hawa da sauka yake yi babu lissafi, wannan watan ya yi sama fiye da na budurwa, wata mai zuwa ya faɗi ƙasa warwas. Wannan tangal-tangal ɗin ne ƙwaƙwalwar wasu matan ba ta iya jurewa. Daga nan ne ake samun zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska kamar an hura mata wuta, da gumin da ke jiƙa zanin gado ko da a tsakiyar hunturu, da faɗuwar gaba babu dalili, da mantuwa, da saurin fushi, da hawayen da ita kanta ba ta san mafarinsu ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A shekarar 2006 an fitar da sakamakon wasu bincike biyu a Amurka, ɗaya daga Jami'ar Harvard, ɗaya kuma daga birnin Filadelfiya, dukkansu a kan matan da ba su taɓa yin ciwon damuwa ba a rayuwarsu. Na Harvard ya gano cewa waɗanda suka shiga zangon ɗaukewar al'ada sun ninka sa'o'insu da ba su shiga ba kusan sau biyu wajen kamuwa da alamomin ciwon, na Filadelfiya kuwa ya sami abin da ya haura haka. Akwai kuma wani gagarumin bincike da ake kira SWAN, wanda tun tsakiyar shekarun 1990 yake bibiyar mata 3,302 daga ƙabilu daban-daban na Amurka. A 2011 ya nuna cewa yiwuwar mace ta faɗa ciwon damuwa mai tsanani a wannan zango da farkon shekarun bayansa ya ninka sau biyu zuwa huɗu. A 2015 kuma ya nuna cewa ga matan da zafin jiki da gumin dare suka matsa wa, matsakaicin tsawon lokacin da suke fama shi ne shekara 7.4, amma ga baƙaƙen fata ya kai shekara 10.1. Mai karatu ya dubi wannan adadi da kyau, ya kuma ƙaddara shi ne zai shekara 10 ba ya samun cikakken barci, sannan ya faɗa mini yadda halinsa zai kasance a ofis da safe.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta wallafa a 2015. An ɗauki rukunin mata biyu da al'adarsu ta riga ta ɗauke, rukuni ɗaya sun taɓa yin ciwon damuwa a lokacin ɗaukewar, ɗayan kuma ba su taɓa ba. Aka ba dukkansu istirojin na 'yan makonni, sannan aka janye wa wasu ba tare da sun sani ba, aka musanya musu da abin da babu magani a cikinsa. Waɗanda suka taɓa yin ciwon, da aka janye musu sai alamomin suka dawo. Waɗanda ba su taɓa yi ba kuwa, ko a jikinsu. Darasin a fili yake: sauyin sinadari iri ɗaya ne, amma ƙwaƙwalwar da ke karɓarsa ta bambanta. Don haka idan uwar miji ta ce, "Mu ma ai mun wuce nan, ba mu yi wannan taɓarar ba," gaskiya ta faɗa game da kanta, amma gaskiyarta ba hujja ba ce a kan surukarta.

A nan ya wajaba in yi adalci, don kada wani ya ajiye jaridar nan da tunanin cewa duk macen da ta doshi 50 majinyaciya ce. Mafi yawan mata suna ratsa wannan zango ba tare da ciwon damuwa ba, wasu ma suna samun sauƙi da walwala, sun huta da fargabar ciki da wahalar wata-wata. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da jerin maƙaloli da suka yi kashedi a kan mayar da ɗaukewar al'ada cuta, suka kuma nuna cewa haɗarin bai hau kan kowace mace daidai ba, ya fi taruwa ne a kan wasu rukunai. Su ne wadda ta taɓa yin ciwon damuwa a baya, wadda zafin jiki da rashin barci suka tsananta mata, wadda zangon ya yi mata tsawo, da wadda wasu masifun rayuwa suka afka mata a daidai lokacin. Likitoci kan ƙara da wadda ta yi fama da damuwa bayan haihuwa, da wadda aka cire wa jakunkunan ƙwai biyu a tiyata, don ita nata sauyin a rana ɗaya yake zuwa. Abin farin ciki kuma, bincike ya nuna haɗarin kan ragu bayan 'yan shekaru da tsayawar jinin, lokacin da jiki ya daidaita.

Rukunin nan na masu haɗuwa da masifun rayuwa shi ne ya fi shafarmu, domin idan muka duba yadda rayuwar macen Arewa take a waɗannan shekaru, sai mu ga kamar an tara mata kayan ne da gangan. Wadda aka aurar tana da shekara 17 ko 18, a 47 ta aurar da 'yan matanta, waɗanda su ne abokan hirarta da masu taimakonta, gida ya yi tsit. Iyayenta sun tsufa, jinya ta dawo kanta. Hawan jini ko ciwon suga ya fara leƙowa. Wata mijin ya rasu, wata kuma a daidai wannan lokaci ne maigida, da hannunsa ya buɗe, yake neman ƙarin aure. Ba ina jayayya da halaccin ƙarin aure ba ne. Abin da nake cewa shi ne, idan labarin amarya ya riski mace a watan da ta fahimci haihuwarta ta ƙare, ga rashin barci, ga jiki yana yi mata baƙon abu, to duk abin da ta yi za a rubuta shi a babin kishi, a rufe littafi, ba wanda zai sake tambayar lafiyarta. Ma'aikaciya kuma a waɗannan shekaru ne take kai wa muƙamin darakta, ko shugabar makaranta, ko babbar jami'ar jinya, lokacin da kuskure ɗaya a gaban taro ya isa a ce, "Dama mace ce."

Kan duk wannan sai aka ɗora shiru. Muna da tanadi mai kyau ga yarinyar da ta fara al'ada, muna da shi ga amarya, muna da wankan jego da kunun kanwa da zaman arba'in ga mai haihuwa. Ga wadda al'adarta ke bankwana kuwa babu komai, ko sunan kirki ba mu ba abin ba. Waɗanda suka yi karatun addini kan ari kalmar Larabci su ce shekarun ya'asi, wato yanke tsammani, alhali abin da malaman fiƙihu ke nufi shi ne yanke tsammanin haila don sanin hukuncin idda, ba yanke tsammani daga rayuwa ba. Saboda wannan shiru, wata kan ɓoye wa mijinta cewa jinin ya tsaya, don tsoron kada a ɗauke ta a matsayin wadda ta gama amfani. Wata kan ɗauka ciki ne ya kwanta mata, ta yi ta neman maganin tayar da shi. Wata kuma rikicewar jinin kan jefa ta cikin wasiwasi game da sallarta da azuminta, ta kasa tambaya don kunya, ta riƙa jin kamar kullum cikin zunubi take.

Na ga wannan da idona a wata makaranta da na yi aiki. Muna da mataimakiyar shugaba, mace mai natsuwa da kowa ke kai wa matsalarsa, muna kiranta Anti. Cikin shekara guda ta sauya. Ta riƙa daka wa malamai tsawa a gaban ɗalibai, tana manta sunayen mutanen da ta yi shekaru tare da su, tana rufe ofis ita kaɗai. Aka laƙaba mata suna a bayan idonta. A gida, kamar yadda ta ba ni labari daga baya, an yi mata maganin taifod sau uku da na maleriya ba adadi, 'yan uwa sun kawo rubutu da hayaƙi, maigida kuma ya ƙaurace wa ɗakinta, yana cewa ba zai iya da fitina ba. Ranar da na shiga na same ta tana kuka, abin da ta ce mini shi ne, "Ƙanwata, wallahi ni kaina ban gane kaina ba. Ina ji ina gani bakina yake faɗar abin da ban yi niyya ba." Har ta rubuta takardar ajiye aiki. Wata likitar mata ce ta yi mata tambayoyi biyu da babu wanda ya taɓa yi mata: yaya al'adarki take zuwa yanzu, kuma yaushe rabonki da barci mai daɗi? Bayan watanni tana karɓar magani, ta yaga takardar nan, ta kuma ci gaba da aikinta har ta yi ritaya da mutuncinta.

Abin lura a labarinta shi ne ba ta taɓa zuwa asibiti ta ce tana baƙin ciki ba. Matanmu ba haka suke kai ƙara ba. Cewa suke yi jiki na zafi, kai ya yi nauyi, zuciya na bugawa, wani abu na yawo a jiki, gaɓoɓi na ciwo. Ma'aikacin lafiyar da ke da layin mutum 100 a ƙofarsa sai ya rubuta gwajin jini, ya ba da maganin zazzaɓi, ta tafi, ta dawo bayan wata ɗaya. Daga nan sai kemis, a fara ba ta ƙwayar barci ba da takardar likita ba, wadda ke da saurin kama mutum.

Yaya za a bambanta sauyin hali na yau da kullum da ciwon damuwa na haƙiƙa? Fushi ko ƙunci da ke zuwa ya wuce, mace ta dawo tana dariya da jikokinta, wannan na farkon ne, kuma sau da yawa gyaran barci da fahimtar mutanen gida sun wadatar. Amma idan ƙuncin ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, ta daina jin daɗin abin da take so a da, ko zumunci ne, ko sana'a, ko karatu, cin abincinta ya sauya, ta kasa tattara hankalinta, tana ganin kanta ba ta da amfani ko ta zama kaya ga iyalinta, to wannan ciwo ne kamar hawan jini, kuma likita yake buƙata. Idan har ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kada a ɗauke shi a matsayin maganar fushi, a kai ta asibiti a ranar, kada kuma a bar ta ita kaɗai. Likita nagari zai duba ƙarancin jini, da suga, da ciwon maƙoƙo, don suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan. Haka nan duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, wajibi ne a bincike shi.

Magani akwai shi. Ga ciwon damuwa mai tsanani, abin da ƙwararru suka sa a gaba shi ne magungunan damuwa da kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke ja da shi ƙasa. Magungunan kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ana ci gaba da su aƙalla wata shida bayan an sami sauƙi, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Ga wadda zafin jiki da gumin dare ne tushen wahalarta, akwai maganin mayar da sinadarin da ya ragu. Wannan magani ya yi baƙin jini tun 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka saboda alamun ƙarin haɗarin sankarar mama da toshewar jijiyoyin jini. Daga baya da aka sake nazarin alƙaluman, aka lura cewa yawancin matan gwajin sun haura 60, kuma ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa kan rinjayi haɗarinsa. Duk da haka bai dace da wadda ta yi sankarar mama, ko daskarewar jini, ko ciwon hanta ba, kuma ba abin saye a kemis ba ne. Tafiyar ƙafa a kai a kai, rage shayi mai ƙarfi da goro da yamma, da kwana a ɗaki mai iska, su ma suna da nasu taimakon.

Tambayar ita ce ina za a sami masu ba da maganin. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa 'ya'yanta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, amma mun mayar da sunayensu abin zolaya, ta yadda babu uwargidan da za ta yarda a gan ta a ƙofarsu. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma daga cikin manufofinta akwai shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. A nan ne jihohinmu ya kamata su sa ƙarfi. Ungozoma da ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi haihuwar matar nan sau takwas, ita ce wadda za ta iya buɗe wa cikinta. A horar da ita ta yi tambayoyin nan biyu ga duk macen da ta haura 40, ta kuma san lokacin da za ta tura ta gaba.

Sauran aikin namu ne, mu da muke karanta wannan shafi, domin mu ne mazajen, mu ne 'ya'yan, mu ne shugabannin ofis, wasunmu kuma mu ne matan. Maigida, matar da ta jure talaucinka na farkon aure ta cancanci ka jure mata 'yan shekarun nan, ka raka ta asibiti da ƙafarka, ka zauna a ji bayanin likita tare da kai. 'Ya'ya, idan Umma ta sauya, kafin ku haɗa kuɗin mai ruƙiyya kaɗai, ku haɗa da na ganin likita, addu'a da magani ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Malamanmu na Islamiyyun matan aure, ku buɗe wannan babi kamar yadda kuke buɗe na haila da biƙi, kuma a daina gaya wa mai ciwon damuwa cewa raunin imani ne ke damunta, don wannan magana ƙara mata nauyi take yi. Shugaban ma'aikata kuma ya sani cewa ofis mai iska da ɗan sassaucin lokaci sun fi arha a kan rasa ma'aikaciyar da ta tara gogewar shekara 25.

Ga 'yan uwana mata da ke cikin wannan hali yanzu, ba hauka kuke yi ba, ba kuma halinku ne ya lalace ba. Ku riƙa rubuta ranakun al'ada da daren da barci ya ƙi, ku tafi da takardar wurin likita, ku faɗi abin da ke zuciya kamar yadda kuke faɗar na jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 matan da suka kai 50 zuwa sama su ne kashi 26 cikin 100 na dukkan matan duniya. Ranar 18 ga Oktoban kowace shekara aka ware don wayar da kai a kan ɗaukewar al'ada, kuma zan so in ji gidajen rediyonmu na Kano da Kaduna da Sakkwato sun ba ta ko da awa ɗaya da harshen Hausa, a gayyato likitar mata, a buɗe layin waya, a bar iyayenmu su yi tambaya ba tare da an nemi sunansu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙinsu.